Abin da na fito da shi daga shagon Hajiya

Na bar shagon ɗinkin Hajiya bayan babbar Sallah. Tunda 'yan uwana teloli sun dame ni da tambayar dalilin barina a WhatsApp, bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta.

Duk wadda ta zauna a shagon ɗinkin mata a Kano 'yan shekarun nan ta san kwaset, wato ɗinkin da ke matse ciki da ƙugu, ya cinye kasuwa. Amarya ba ta son bubu ranar kamu, so take a ga ƙugu ya shige. To atamfa auduga ce, ba ta miƙewa, idan kuma aka sa mata bonin (siraran sandunan da ke riƙe riga) da shafi mai tauri sai ta tsaya kamar allo. Abin da kika auna, shi jiki zai shiga, ba ƙari.

Aka kawo mana Super Holland daga cikin kayan lefe, za a yi doguwar rigar kamu. Na auna amarya na rubuta. Hajiya ta karɓi littafin ta soke inci 3 daga ƙugu, wai yarinyar ta ce za ta ɗaura bel ɗin matse ciki ranar. Na ce, "Hajiya, don Allah a bari ta zo da bel ɗin a jikinta a sake awo, ko a yi mata igiya a baya maimakon zif." Ta ce tun ina goye take riƙe da almakashi. Na yanka yadda ta ce.

Bel ba ya ɓatar da tumbi, tura shi yake yi sama da ƙasa. Ƙugu ya ragu, ƙasan ƙirji da saman ƙugu su ƙaru, kuma kowane bel da irin matsinsa. Sannan amarya ba a tsaye take yini ba, zama take yi, cikin mutum kuwa idan ya zauna buɗewa yake. Tana zama a wurin kamu zif ya yi tsalle, har atamfar ta tsage a gefe. Da mayafi aka rufa mata asiri aka tashi.

Washegari uwar amarya ta zo da ƙanwarta. A gabana Hajiya ta dafa ƙirji ta ce, "Wallahi Hajiya yaran nan ba sa jin magana." Littafin awo yana kan teburi, da rubutunta da jan biro, ba wanda ya buɗe. Kuɗin turmin kuma daga ladan ɗinkina aka riƙa zarewa har ya cika. Dama rigunan da nake kwana a kansu sunanta ake sawa a Instagram, wannan ban taɓa ɗaga kai ba, haka sana'ar take. Amma suna nata, asara tawa? Na yafe, ban dai manta ba.

Don haka, ke mai koyo, duk gyaran da aka yi wa awonki ki ɗauki hotonsa a waya kafin ki sa almakashi. Mai bel kuma ta zo da shi, ki auna ta a tsaye, ki sa ta zauna ki sake.

Sauran kaɗan ne. Atamfa mai manyan zane tana cin yadi, turmi yadi 6 ne amma idan za ki haɗa fure da fure a gaba da baya, kada ki yi wa kowa alkawarin ɗankwali mai girma. A Kantin Kwari 'yar China ta iya kwaikwayon zanen Holland har da tambari, ki juya bayanta ki ga ko rini ya ratsa, ki kuma gaya wa mai kaya kafin ki yanka, kada a ce ke kika musanya. Ki bar rarar inci a cikin ɗinki ko da an ce ba a so. Kayan Sallah kuma idan azumi ya raba, ko ƙawar uwarki ce ta kawo, ki ba ta haƙuri.