Godiya ga duk wanda ya sa hannu a gudummawar Sudan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, mun rufe asusun gudummawar da muka buɗe domin 'yan'uwanmu na Sudan, kuma abin da aka tara ya isa hannun waɗanda aka tara dominsu. A madadin 'yan kwamiti, waɗanda yawancinmu tsofaffin ɗaliban Khartum ne, ina miƙa godiya ga kowa da kowa. Allah Ya saka da mafificin alheri.

Muna gode wa iyayenmu limamai da suka yi sanarwa bayan sallar Juma'a, da alhazanmu na Kantin Kwari da kasuwar Singa, da 'yan canjin Wapa da suka yi mana aiki ba su karɓi la'ada ba. Iyayenmu mata na makarantun Islamiyya sun ba mu mamaki ƙwarai. Akwai wadda ta kawo kwasar adashenta cif, ta ce kada a ambaci sunanta. Hajiya, mun cika alƙawari, amma Allah Ya san ki. Likitoci da ma'aikatan jinya su ma sun zauna da mu, suka tsara mana abin da ya fi gaggawa, don kada a kashe kuɗin jama'a a kan maganin da ba shi ake nema ba.

Wasu sun tambaye mu: ga namu 'yan gudun hijirar a Borno da Zamfara, me ya kai ku Sudan? Tambaya ce mai kyau, kuma namu suna da hakki a kanmu. Sai dai Sudan ma gida ce. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a zuwa gabas, har yau garin da ke kusa da Sinnar sunansa yake amsawa. Kakanninmu ta can suke bi a ƙasa zuwa aikin Hajji, da yawa suka zauna a Gadarif da Kasala da Damazin. Mu kuma da muka yi karatu a can, mun ci abincinsu, mun sha ruwansu.

Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasar na Janar Burhan da dakarun kai ɗaukin gaggawa (RSF) na Hamidti, miliyoyin mutane sun bar gidajensu, asibitoci da dama a wuraren faɗan sun daina aiki. A watan Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam da ke kusa da Al-Fashir, a watan ne kuma aka ayyana ɓarkewar kwalara. Waɗanda suka tsaya a tsakiyar wannan wuta su ne matasan unguwanni 'yan sa kai, masu ɗakunan agajin gaggawa. Su ke ɗora tukunyar takiya, wato girkin sadaka na unguwa, su ke nemo ungozoma cikin dare, su ke mayar da ajin makaranta wurin ƙarin ruwa. Ba albashi suke karɓa ba, aiki ne irin na gayya. An kama wasunsu, an kashe wasu, kuma da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025, tukwane da yawa suka sauka. Shi ya sa muka ga ya fi dacewa kuɗinku su tafi hannunsu kai tsaye, domin sun san gidan da mai ciwon siga yake, sun san wadda ta kusa haihuwa.

Kaso mafi girma ya tafi wajen hatsi da wake da gawayin girki a Umdurman. Sauran an sayi ruwan gishiri da sikari, ledojin ƙarin ruwa, bandeji, maganin zazzaɓin cizon sauro da kayan karɓar haihuwa. An tura kuɗin ta manhajar banki ta Bankak, wadda da ita mutane ke ciniki a can yanzu saboda ƙarancin takardun kuɗi.

Ga ku 'yan sa kai na Sudan, godiyarmu gare ku ta fi ƙarfin baki. Allah Ya tsare ku, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki, Ya kawo ƙarshen wannan fitina.

Rasiɗai da cikakken lissafin shige da fice suna hannun ma'ajin kwamiti. Duk wanda ya bayar, ko naira ɗari ce, yana da damar ya zo ya duba. Zagaye na gaba, in Allah Ya yarda, na 'yan gudun hijirar Darfur ne da ke Adre a gabashin Chadi, za mu sanar da ranar buɗewa.

Wassalamu alaikum.