Awa uku a ƙofar bariki: yinin da muka bi sawun jiragen Yaƙin Hitila a Takoradi

Filin jirgin saman Takoradi sansanin sojojin sama ne na ƙasar Gana. Da wannan ya kamata in fara lissafi, amma na ɗauke shi ƙaramin abu, kuma shi ya cinye mana safiyar yinin da muka biya kuɗinsa cif.

Mu huɗu ne. Mun ɗauki shatar mota da direba, da ɗan jagora na kanmu, don kada a haɗa mu da ayarin masu yawon buɗe ido. Tsarin da na rubuta shi ne ƙarfe 8 na safe mu shiga filin jirgin, daga nan tashar jiragen ruwa da maƙabartar sojoji, sai Sekondi, sai Shama, mu rufe da Elmina. Daga Takoradi zuwa Elmina kusan kilomita 70 ne, a takarda dai yini ɗaya ya isa har da rara.

Abin da ya kai mu shi ne hanyar jiragen saman yaƙi da ta ratsa ta kan Kano a Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙi, sai Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila, alhali sojojinta na Masar suna matuƙar buƙatar jiragen yaƙi. Dabarar da aka yi ita ce a kwance jirgi, a zuba shi cikin manyan akwatunan katako, a kawo ta teku zuwa Takoradi, a haɗa shi a can, sannan ya tashi ya keta Afirka. A watan Satumba na 1940 akwatunan farko suka iso, kuma cikin watan rukunin farko ya tashi. Zangon farko Legas, daga nan Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, Junaina, Fashir, Hartum, sai a bi kogin Nilu zuwa Masar. Tafiyar kusan kwana shida ce. Jirgin Blenheim mai inji biyu shi ke gaba saboda yana ɗauke da mai duba hanya, ƙananan Hurricane suna biye da shi. Da gwamnan Chadi, Félix Éboué, bai koma ɓangaren Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ba a watan Agustan 1940, da tsakiyar hanyar ta toshe. Zuwa 1943 fiye da jirage 4,000 sun bi ta nan. Duk wanda ya taso yana jin dattawa na labarin jiragen da suka cika sararin Kano lokacin yaƙi, to ga inda aka ɗaura musu fukafukai.

Kwana biyu kafin ranar na tambayi ɗan jagoran ta waya ko akwai takardar da za mu nema. Ya ce, "Alhaji, kada ka damu, ina da mutum a ciki." Na yarda. Laifina ke nan, domin na san aikin soja ba ya tafiya da "ina da mutum".

Takwas saura kwata muna ƙofa. Sojan da ke gadi ya gaishe mu da mutunci, ya nemi takardar izini, babu. Ɗan jagora ya kira mutuminsa, wayar ba ta shiga. Aka ce mu ja mota gefe. Ƙarfe tara ya samu mutumin a waya, mutumin ya ce yana zuwa. Ƙarfe goma aka karɓi fasfo ɗinmu aka duba aka dawo mana da su. Ana cikin haka ɗaya daga cikinmu ya ɗaga waya zai ɗauki allon ƙofar, nan take aka sa ya goge, aka kuma duba sauran hotunan wayar. Sha ɗaya saura wani hafsa ya fito ya yi mana bayani a natse: baƙi 'yan wata ƙasa ba sa shiga sai da izini a rubuce, wanda aka nema tun da wuri. Gaskiyarsa ce, ko a Kaduna haka za a gaya wa baƙo. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne tun minti goma na farko amsar ta fito fili, amma muka zauna awa uku, saboda kowane rabin awa sai a ce mana saura kaɗan, mu kuma muna ganin mun riga mun yi asarar da ba za mu tashi hannu rabbana ba.

Wanda ke son shiga, ya rubuta wasiƙa makonni kafin tafiya, da sunayen kowa da kowa, da kwafin shafin fasfo, da lambar motar, da ranar, da ainihin abin da yake son gani da dalili. Ya nemi amsa a rubuce, ya ga kwafinta da idonsa kafin ya biya ɗan jagora ko sisi. In amsa ba ta zo ba, ya cire filin daga tsarinsa gaba ɗaya. Akwai ma hanya mafi sauƙi da ban yi tunaninta ba sai daga baya: jiragen fasinja na cikin gida daga Akra a wannan filin suke sauka, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Ka zauna ta taga, za ka ga teku da tashar jiragen ruwa da titin saukar a kallo ɗaya, ka fahimci dalilin da ya sa aka zaɓi wurin, domin tsakanin inda ake sauke akwatuna da inda ake haɗa jirgi tafiya ce 'yar kaɗan. Waya dai ta zauna a aljihu. Hakan kuma ya raba ka da awa huɗu zuwa biyar na mota da cunkoson Kasoa, garin da ke bakin Akra.

Abin mamakin shi ne wurin da ya fi ba mu labarin jiragen ba ya buƙatar izinin kowa. Maƙabartar Turawa ta Takoradi tana da sashen kaburburan yaƙi, fararen duwatsu a jere, ciyawa a share. A kan kowane dutse an sassaƙa tambarin rundunar, da lamba, da muƙami, da ranar mutuwa, sau da yawa har da shekaru. Na durƙusa ina bin su ɗaya bayan ɗaya: matuƙi, mai duba hanya, mai rediyo, yawancinsu samari 'yan ashirin da wani abu. Inda ka ga duwatsu da yawa da rana ɗaya, mai yiwuwa jirgi ɗaya ne ya faɗi da su. Akwai 'yan Afirka ta Kudu a cikinsu, domin rundunar sojojin samansu ta 26 ta zauna a Takoradi tana sintiri a teku da jiragen Wellington, tana farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus. Minti 20 kawai muka iya ba wurin, alhali ya cancanci awa guda. Sunan maƙabartar kansa yana gaya maka waɗanda ba sa ciki: leburori da kafintoci da makanikan ƙasar da suka fasa akwatunan suka tura jiragen da ƙarfinsu. A tsofaffin hotunan yaƙin kana ganinsu, a nan babu dutsensu.

Tashar jiragen ruwan ma ba a shiga haka kawai, kuma babu buƙata. Daga kan tudun da ke bayanta ana ganin doguwar katangar da ke tare igiyar ruwa da layin dogo da ke shiga ciki. An buɗe ta a 1928, aikin da Gwamna Guggisberg ya tsaya a kai, ita ce tasha mai zurfi ta farko a ƙasar. Kafin ita, jirgi kan tsaya can nesa ne a yi jigilar kaya da kwale-kwale, kuma babu kwale-kwalen da zai ɗauki akwatin jirgin sama. Ta nan kuma aka riƙa fitar da manganis na Nsuta da ƙasar alminiyon ta Awaso a shekarun yaƙin. A nan na gane ɗan jagoranmu bai san komai game da jiragen ba. Gidajen bayi, wato tsofaffin sansanonin Turawa na bakin teku inda aka riƙa tsare bayi, su ya sani, kuma ya san su sosai. Da na yi masa tambaya uku tun a waya, wace shekara aka fara, wane irin jirgi, ina ne zango na gaba bayan Legas, da na san matsayina. Ka buga tsofaffin hotuna da taswirar hanyar a takarda ka riƙe da kanka, domin ban ga wani allo a gari da ke ba da wannan labari ba.

Daga nan sai gudu. Sansanin Fort Orange na Sekondi, wanda Turawan Holan suka fara ginawa a 1642, yanzu hasumiyar fitilar jiragen ruwa ce. Mun tsaya a waje minti goma, muka hango tashar masunta a ƙasa. A kula da kyamara a nan ma, akwai sansanin sojojin ruwa kusa. Muka yi azahar da la'asar a haɗe a wani masallaci na Zango, inda Hausa ta wadatar da mu, muka sayi waakye, wato shinkafa da wake irin nasu, muka ci a mota.

Shama ba ta cancanci gaggawar da muka yi mata ba. Sansanin San Sebastian na Turawan Fotugal ne, na shekarun 1520, yana kusa da inda kogin Pra ke shiga teku. A nan kabarin Anton Wilhelm Amo yake, ɗan yankin Axim da aka kai Turai yana yaro, ya zama malamin falsafa a jami'o'in Halle da Jena na Jamus, sannan ya dawo gida. Mai kula da wurin ya fara bayani tiryan-tiryan, mu kuwa idonmu na kan agogo. Titin da ya ratse daga babbar hanya zuwa cikin garin matsattse ne, shiga da fita sun ci kusan minti 40 da ban sa a lissafi ba.

Huɗu da minti biyar muka isa gidan bayi na Elmina, ana rufewa wajen huɗu da rabi. An taimaka mana da gajeren zagaye: farfajiya, cocin Fotugal da ke tsakiyarta, kurkukun mata, da 'yar siririyar ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi, wadda sai mutum ya karkata kafaɗa yake wucewa. Ginin na 1482 ne. A kurkukun matan akwai wani wari na danshi da gishiri da ke kama maƙogwaro, ga kuma benen gwamna a sama yana kallon tsakar gidan. Mutum na buƙatar ya tsaya shiru a wurin, mu kuwa ana kiranmu mu matsa gaba. Ba mu hau ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya ba bayan kama shi a 1896. Ba mu hau tudun St Jago ba, inda Turawan Holan suka girke igwa suka ƙwace gidan a 1637, kuma daga can ne ake ganin yadda gidan da gari da bakin kogin Benya suka zauna. Awa ukun ƙofar bariki a nan muka biya su.

Da zan sake, a Takoradi zan kwana. Bakwai da rabi ina maƙabarta kafin rana ta yi zafi, tara ina kan tudun tasha, goma Sekondi, sha ɗaya Shama da awa guda cikakkiya, salla da abinci, ƙarfe biyu ina Elmina da awa biyu da rabi a hannu. Dixcove da Butre suna yamma da Takoradi, kada ɗan jagora ya cusa maka su cikin wannan yini, nasu daban ne. Wanda ke son ganin fitar kwale-kwale da saukar kifi ya guji Talata, ranar masuntan yankin ba sa shiga teku. Mayu da Yuni ruwan sama ne mai ƙarfi. Agogon Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, kuma wajen ƙarfe shida duhu ke shiga, ga hanyar cike da manyan motoci. A riƙe sidi, kuɗin Gana, a hannu don kuɗin shiga, na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, a kuma tambaya ko akwai kuɗin kyamara daban. Ruwa lita biyu ga kowane mutum bai yi yawa ba.

Batun kuɗin ɗan jagora kuwa, ni na biya duka tun daren jajibiri, shi ya sa da safe ba ni da bakin cewa a tashi. Rabi kafin tafiya, rabi bayan an dawo, a kuma rubuta a saƙon waya wuraren da aka yi alkawarin shiga ciki da waɗanda za a gani daga waje, da mai da kuɗin shiga a wuyan wa suke. A ƙara layi ɗaya: duk ƙofar da ba ta buɗe ba cikin minti 20, mota ta wuce zango na gaba.