Faifan da ya rasa kantin sayarwa

Yau 24 ga Fabrairu, ranar da mawaƙi Larry Norman ya rasu a 2008 a garin Salem da ke jihar Oregon ta Amurka, yana da shekara 60. Tun safe tunanin 1969 ya ƙi sakina, shekarar da kamfanin Capitol ya fitar da faifansa Upon This Rock. Kiɗan rok ne sosai, ga jitar lantarki, ga ganguna, amma baitocin galibi zancen addinin Kirista ne. A nan cikas ɗin ya taso. A wancan zamani faifai ba ya isa kunnen jama'a sai ta gidan rediyo da kanti. Gidajen rediyon rok suka ga wa'azi ya yi yawa. Masu wa'azi da yawa kuma suka ce wannan kiɗan shaiɗan ne, har wasu kantunan littattafan Kirista suka ƙi ajiye shi. Ciniki bai yi auki ba, Capitol ya sallame shi.

Abin yana taɓa zuciyata, domin ba muryarsa ce ta gaza ba, hanyar rarraba faifan ce ta toshe ta kowane ɓangare. Ya je Landan ya naɗi wani faifan, Only Visiting This Planet, a 1972, daga baya ya kafa kamfaninsa, Solid Rock Records, ya riƙa fitar da nasa da na matasa irin su Randy Stonehill. Ina ta tunanin cewa da ya ajiye jitar tun 1970, babu wanda zai ga laifinsa.