Na Je Neman Samudawa a Giza, Na Tarar da Littafin Heluma

A shagon Babana, Allah ya jiƙansa, akwai wata tsohuwar kalanda mai hoton dalar Masar da raƙumi a gabanta. Shekarar kalandar ta wuce da daɗewa, amma ya hana a cire ta. Shi magini ne tun zamanin tubali da makuba, kuma duk wanda ya tambaye shi wa ya gina abin nan, amsarsa ɗaya ce: "Samudawa mana. In ba su ba, to aljanu." Da wannan amsa na tashi, da ita na gaji sana'ar, na shekara ashirin da wani abu ina ɗora bulo a kan bulo ban taɓa tuhumarta ba.

Da ƙanena ya kusa gama karatu a Azhar, sai ya matsa lallai in zo Alƙahira kafin ya tattaro komatsansa. Na ce zan zo, amma da sharaɗin ya kai ni in ɗora hannuna a kan dutsen nan. Har tef ɗin awo na jefa a jaka.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka bi zuwa tashar Giza. Muna fitowa na ji yaran mota suna ta ihu, "Haram! Haram!" Na ja da baya. Ƙanena ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Yaya, ba wancan haramun ba ne. Sunan dala ke nan da Larabci. Mu shiga."

Hoto ba ya gaya maka girman dalar Fir'auna Kufu, babbar dalar Giza. Mu Kanawa da muka taso da labarin dalar gyaɗa, a zuciyata na ɗauka babbar yayarta zan gani. Ashe ba a ma fara ba. Kowane gefe mita 230 ne. Tsayinta na asali mita 146 da ɗoriya, yanzu ya dawo wajen 138 saboda kanta ya zube. An gama ta kimanin shekara 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ta yi kusan shekara 3,800 babu ginin ɗan Adam da ya kamo ta a tsayi. Na fito da tef na auna dutsen layin ƙasa, ya kusa mita ɗaya da rabi, ya kai min ƙirji. Na ɗaga kai sai na ga abin da kowane magini zai lura da shi: duwatsun sama ba su kai na ƙasa girma ba. Wanda ya tsara aikin ya san wahalar ɗaga nauyi.

Wani abu kuma ya ba ni mamaki. Duwatsun da ake gani yau ba su da kyan gani ko kaɗan. Wannan ya fi wancan, wancan ya karkace, an cike tsakani da ɓaraguzai da kwaɓi. Da birkilana ne ya yi min haka sai ya rushe. Amma wannan cikin gini ne, ba a yi shi don a gani ba. Fuskar da aka yi wa dalar farin dutse ne mai santsi daga Tura, can ƙetaren Nilu. Girgizar ƙasar 1303 ta sassauta shi, mutane suka yi ta kwasa suna gine-gine a Alƙahira. Kaɗan ya rage a gindi ta arewa. Na durƙusa na nemi in cusa bakin katin waya a mahaɗar biyu daga cikinsu, ya ƙi shiga. Wato sun san inda ake kashe lokaci da inda ake yin sauri, kamar kowane ɗan kwangila.

Na zauna a kan wani dutse na yi lissafi a waya. Ana ƙiyasta duwatsun sun kai miliyan 2.3, matsakaicinsu tan biyu da rabi. In shekara 20 aka yi, kullum sai an ɗora 315. In awa goma ake aiki, kowane minti biyu sai dutse ya zauna. Ni da nake fama da leburori su ɗora bulo ɗari biyar kafin la'asar, na ce a raina Baba ya yi gaskiya.

Shiga ciki ya ƙara min wannan tunani. Ƙofar da ake bi ba ta asali ba ce, rami ne da ake dangantawa da Halifa Ma'amun, wanda aka ce mutanensa suka fasa a ƙarni na 9. Daga nan sai wata hanya mai hawa wadda tsayinta bai wuce mita ɗaya da kaɗan ba. A duƙe ake tafiya, gumi na zuba, wani na hura maka numfashi a ƙeya. Ina cikin haka wata tambaya ta faɗo min, wai wane Basamude ne zai bi ta nan? Ban gama tunanin ba muka miƙe a wani dogon zaure mai tsayin sama da mita 8, kowane layin dutse ya ɗan leƙo kan na ƙasansa har suka kusa haɗuwa a sama. A ƙarshensa ɗakin sarki yake, duk da jan dutse mai taurin nan na Asuwan, daga nisan kilomita 800. Falalen dutse tara ne suka rufe shi, kowanne ya fi tan 25, wasu sun ninka haka. Na fito ƙafafuna na rawa, mai raƙumi ya cuce ni kuɗin hoto, na koma masauki da aljanuna cif.

Dahshur ce ta fara warware min. Wajen kilomita 40 ce kudu da Alƙahira, ba cunkoso, ba masu talla. A can Sinefru, uban Kufu, ya gina dala biyu. Ta farko in ka hango ta sai ka ce wani ya danna mata kai. Ta taso daga ƙasa da tsini mai tsanani, digiri 54, tana kaiwa wajen rabi sai ta lanƙwasa ta koma 43. Na daɗe a tsaye ina kallonta, don na san wannan lanƙwasa. Na taɓa yin irinta. Ita ce ranar da ka shigo wurin aiki da safe ka ga bango ya fara tsagewa, mai gida na hanya, ka tara mutanenka ka ce a rage nauyin sama ko ta halin ƙaƙa. Masana da yawa ma haka suka fassara ta, cewa ginin ya fara nuna alamun gazawa ne aka sauya. Ka juya arewa kuma, ga Jar Dala, ta sarki ɗaya, an fara ta da digiri 43 tun daga tushe. An ji jiki, an koyi hankali.

A hanyar dawowa muka tsaya Sakkara, inda dalar Fir'auna Zosar take mai hawa shida, wadda ake danganta tsarinta ga wani babban hadiminsa mai suna Imhotep. Ta girmi ta Kufu da kusan shekara ɗari, kuma duwatsunta ƙanana ne, an jera su kamar yadda aka saba jera tubalin laka. Sai jerin ya fito min fili: mai hawa-hawa, sai mai lanƙwasa, sai Ja, sannan ta Giza. Aljani ba ya bukatar shekara ɗari yana koyon sana'a. Na faɗa wa ƙanena haka, ya ce, "Yaya, ai da ka tambaye ni tun a gida." Na ce ai gani ya kori ji.

Asuwan kwana muka yi a jirgin ƙasa kafin mu kai. Abin da ya kai ni wani dogon dutse ne mai tsini, irin wanda Larabawa ke kira misalla, yana kwance a inda ake saro shi, ba a gama ba. Ba zamanin dala ba ne, ya zo bayansu da shekara dubu, amma mahaƙar ɗaya ce da irin dutsen ɗakin sarki. Tsawonsa ya kusa mita 42, nauyinsa ya haura tan dubu. An sare gefensa, an bar ƙasansa manne da uwar dutsen, sai tsaga ta ratsa shi. Suka tattara suka bar shi. A ramin da ke gefensa jikin dutsen duk lotsa-lotsa ne, kamar an kwashi tuwo da mara. Ba ƙarfe ya yi su ba. Wasu baƙaƙen duwatsu ne masu tauri, girman kankana ƙarama, da su ake daka har ya zama gari. An ajiye wasu a wurin. Na ɗauki ɗaya da hannu biyu na daki wani dutse na gefe kamar minti biyar. Na samu ƙura wadda ba ta cika cokalin shayi ba, kafaɗata kuwa sai da ta kwana biyu tana tuna min. Na tausaya wa wanda ya fara ganin tsagar nan, ya rasa bakin da zai je ya faɗa.

Saura tambayar minti biyun nan. Amsarta ba a jikin dutse take ba, a takarda take. A 2013 wata tawaga ƙarƙashin Bafaranshe Pierre Tallet ta tono takardun bardi, irin na ciyawa da mutanen Masar na da ke rubutu a kai, a Wadil Jarf, bakin Bahar Maliya, mafi tsufa da aka taɓa samu da rubutu a kansu. A ciki akwai littafin aikin wani mai suna Merer, wanda a wurinmu heluma za mu ce. Rana-rana yake rubutawa: yau mun yi lodin dutse a Tura, mun taso da jirgi, mun kwana a wuri kaza, mun sauke a dalar Kufu. Har sunan babban mai sa ido ya rubuta, Ankaf, ɗan'uwan sarki. Ƙanena na karanta min a waya, ni kuwa ina tuna ɗan littafina mai maiƙo da nake rubuta tifar yashi da buhun siminti.

Kudu da Abul Haul kuma, gunkin nan na Giza mai jikin zaki da kan mutum, an tono garin ma'aikatan. Mu daga nesa aka nuna mana wurin. Wani masanin kayan tarihi, Mark Lehner, ya shekara da shekaru yana haƙa a can, ya samu gidajen burodi, rumbuna, da tarin ƙasusuwan shanu, tumaki da awaki. A 1990 aka gano maƙabartarsu. Ƙasusuwan mutane ne irinmu, bayansu ya ci nauyi, wasu sun karye an ɗora musu sun warke. Kowace ƙungiya da sunanta, akwai Abokan Kufu, akwai ma Mashayan Mankaure, wani Fir'aunan, sun shafa sunayen da jan fenti a inda suka ɗauka ba mai gani. Bagirke Hirodotas ya ce mutum dubu ɗari ne suka yi aikin, masana yau sun fi karkata ga dubu 20 zuwa 30. Har yanzu ana jayayya kan siffar tudun da aka bi aka kai duwatsu can sama, miƙaƙƙe ne ko mai zagaye ginin. Ni dai abin da ya fi ɗaure min kai ya tashi daga dutse ya koma tukunya. Ciyar da mutum dubu ashirin kullum, shekara ashirin, har aka gama aikin. Ni mutum goma sha biyu nake riƙewa, kuma ranar da mai abinci ta makara na san abin da nake gani.

Abu ɗaya na kawo gida na gwada. Akwai wani zane a kabarin wani gwamna mai suna Jehutihotep: an ɗaure ƙaton gunki a kan shimfiɗar katako, mutum 172 na ja da igiya, wani na tsaye a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. An daɗe ana ɗaukar ruwan tsafi ne, sai a 2014 masu bincike a Jami'ar Amstadam suka nuna cewa yashi mai ɗan danshi yana rage ƙarfin da ake bukata wajen ja da kusan rabi.

Bayan dawowata da 'yan watanni aka kawo mana injin buga bulo a wani fili a bayan gari. Direba ya ƙi shiga saboda yashi, ya sauke mana shi a bakin hanya ya yi gaba. Na sa kafinta ya haɗa katako biyu masu kauri, ya fere bakinsu ya ɗan ɗaga sama, muka ɗora injin. Mutum shida suka ja a busasshen yashi. Taku uku, yashin ya taru a gaba kamar kunya, abu ya cije. Sai na tashi da ilimina na Masar, na sa aka juye jarka biyu a gaba. Katakon ya nutse a taɓo har ya fi da. Leburori suka ƙunshe dariya, ɗaya ya ce, "Oga, wannan dabarar Fir'auna ce? Ai shi ma ruwa ne ya ci shi."

Muka tono shi, muka matsa gefe. A karo na biyu na ce yayyafi kawai, irin danshin yashin da in ka dunƙula a hannu zai tsaya bai ɗiga ba. Na ba wani yaro bokiti da gwangwani mai huji, ya riƙa tafiya a gaba yana yayyafawa. Yashin ya daina taruwa. Na cire mutum biyu, huɗun da suka rage suka kai shi har inda muke so, da hutu ɗaya a tsakani.

Da yamma wajen biyan kuɗi, yaron mai gwangwani ya tsaya bai karɓi nasa ba. Ya ce tunda ruwansa ya yi aikin mutum biyu, a duba lamarinsa. Na ƙara masa, na buɗe ɗan littafina na rubuta.