Abin da aikin ayu ya koya mini

Mutane suna jin ana cewa binciken dabbobin ruwa masu shayarwa sai su ɗauka kullum kana cikin jirgi kana kallon dolfin yana tsalle ana ɗaukar hoto. Wallahi ba haka ba ne. Ni a kan ayu na yi aiki, wannan dai da ake sayar da mansa a wajen masu kayan mata, kuma zan iya ce muku yawancin lokacin da na yi a filin bincike ban ga dabbar da idona ba. Ruwan Neja da Binuwai ba garau suke ba, shi kuma ayu hanci kawai yake ɗagowa ya shaƙi iska ya koma, kafin ka juyo sai dai ka ga ruwa yana motsi.

To ya ake binciken abin da ba a gani? Kashinsa. Eh, kashi, yana tasowa saman ruwa ka kwasa a roba ka kai lab, daga nan a gane me ya ci har a ciro ƙwayoyin halittarsa. Sai ciyawar bakin ruwa da ya gutsura, sai kuma masunta, su ne fa manyan malamai a wannan harkar. Sarkawan wajen Yauri da Kainji sun san gurbin da yake kwana, sun san watan da ruwa ke janyewa ya maƙale a fadama, amma idan ka zo musu da takarda da biro kamar ɗan gandun daji ba mai gaya maka komai, don sun san doka ta hana kama shi, tun 2013 ma yarjejeniyar CITES ta saka shi a sahun farko na dabbobin da ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe. Sai ka zauna, ka ci kifi da su, ka tambayi lafiyar iyali, ranar da suka yarda da kai sai tsoho ya ce ɗana zo in nuna maka wani wuri. Sun daɗe suna cewa ayu yana satar musu kifi a raga, littattafai kuwa suna cewa ciyawa kaɗai yake ci, daga baya binciken Lucy Keith-Diagne da ke aiki a Senegal ya nuna na Afirka yana cin kifi da dangin dodon koɗi ma.

Maganar gurɓatar ruwa kuma nan ne na fi shan mamaki. Kowa leda yake gani, leda da robar ruwa, kuma gaskiya suna ɓarna, musamman tsohuwar raga da aka yar wadda ke ci gaba da kamu ba mai ita. Amma akwai wanda ido ba ya gani. Sinadarin PCB da aka yi ta zubawa a man taransfoma, an hana yin sa a yarjejeniyar Stockholm ta 2001, sai dai ba ya ruɓewa, yana shiga ƙananan halittu, kifi ya ci, babban kifi ya ci, har ya taru a kitsen dolfin da danginsa, uwa kuma ta juye wa ɗanta na fari ta nono, abin da ya kamata ya raya shi kenan. A 2016 an tsinci gawar wata orka, wato babbar dabba dangin dolfin, da ake kira Lulu a tsibirin Tiree na Sikotlan, igiyar masunta ce ta kashe ta, amma da aka auna kitsenta aka samu PCB ya ninka abin da ake ganin yana cutarwa kusan sau 100, ta haura shekara 20 kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Ka ga da an rubuta "igiya" an rufe fayil, da shi kenan an wuce babban labarin. Shi ya sa gawa ba abin ƙyama ba ce a wajenmu, duk warin nan sai a buɗe ta a ɗebi kitse da hanta.

Ayu da yake yawanci ciyawa yake ci, tasa matsalar ta wata hanya take zuwa. A tafkin Ossa na Kamaru wajen 2017 wata ciyawa mai kama da kainuwa, Salvinia, ta fara mamaye ruwa saboda takin da ya yi yawa a cikinsa, ta rufe kusan rabin tafkin, ta danne ciyawar da ayu ke ci, masunta ma kwale-kwale ya daina wucewa. Wani mai binciken ayu, Aristide Takoukam Kamla, da ƙungiyarsa ta kare dabbobin ruwa AMMCO, wani ɗan ƙwaro da ba ya cin komai sai ita suka kawo suka saki, ba feshin magani ba.

Kuma duk wannan kana yi ne da dabbar da take ɗaukar ciki kusan shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tak, ta yi shekaru kafin ta sake. Masu ba da tallafin bincike kuwa shekara biyu suke ba ka su ce kawo sakamako, sun ƙaru ko sun ragu? Ni dai abin da nake rubuta musu shi ne inda muka samu kashi, da abin da masunta suka ce, da raga nawa aka ciro.