Umma ta ce in sun mutu wa zai riƙe Auta

Autanmu sanƙarau ne ya kama shi yana ɗan shekara biyar, Allah ya tashi kafaɗunsa amma kunne ya tafi, 'yar maganar da ya iya ma sai ta dinga gushewa a hankali har ta ɓace. Yanzu shekararsa 20, ya fi ni tsawo, har gemu ya fara tsiro masa, amma wallahi har bara in za a sayo maggi a shagon bakin layi Umma gara ta aiki ɗana mai shekara takwas, wai kar babur ya kwashe mata Auta. Ni ma ban taɓa ganin aibun hakan ba gaskiya, sai da Baba ya kwanta asibiti, muna zaune a baranda da daddare Umma ta ce min, "Ni fa ba ciwon babanku kaɗai ke hana ni barci ba, in muka mutu wa zai riƙe yaron nan?"

Na rasa amsa. Da na koma gida na kwanta ina lissafi, bai taɓa hawa adaidaita shi kaɗai ba, bashi da akawun a banki, takardar NIN ɗinsa ma tana ƙasan akwatin Umma bai san inda take ba, ko shayi bai taɓa dafawa ba. Kuma fa wannan yaron ya gama makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano, yana karatu yana rubutu, in ka gan shi cikin abokansa hannu na tashi sama ana ta dariya sai ka rantse ba shi bane. Da ya shigo gida sai ya koma jariri, mu muka mayar da shi haka da tausayinmu.

Abin da ya fi bani kunya shine magana. Shekara 15 muna gida ɗaya, alamun da muka iya basu wuce na zo, tafi, abinci, bari ba. Kuramen Kano suna da maganar hannunsu tun kaka da kakanni, a makaranta kuma akwai wadda ake koyarwa mai tushe daga Amurka, wadda ta shigo ta hannun Andrew Foster da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, Auta ya iya duka biyun, mu ko ɗaya. Toh ku faɗa min, da alamar zo da tafi za a koya wa saurayi wankan janaba? Yana zuwa masallacin Juma'a duk sati amma huɗuba ko kalma ɗaya bata shiga, wa'azin rediyon da Baba ke kunnawa da asuba shi ma haka. Da na sa maigidana ya bincike shi ta rubutu a waya, ashe wani dattijon kurma ne ya zaunar da su ya koya musu, Allah ya saka masa da alheri, mu 'yan gida ko tunanin bai zo mana ba. Masu 'ya'ya mata ku kam don Allah kar ku jira, maganar haila, da inda ba a yarda kowa ya taɓa ba ko da ɗan uwa ne, da wanda za ta gaya wa in an taɓa, domin mugu yarinyar da ya san ba za ta iya kai ƙara ba yake nema.

Sai maganar sana'a. Wata gwaggonmu da buɗar bakinta cewa ta yi ai kurma baya rasa na abinci, a buga masa 'yar takardar nan da ake rabawa a tasha. Na haɗiye fushi saboda girmanta. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta sa nakasasshe bara, tarar naira dubu 100 ko wata shida a gidan yari, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun farkon 2024, ku je ku ƙirga matattakalar ofisoshinmu. Don haka ni bana zaman jiran doka, amma ku san da ita, ranar da aka wulaƙanta ɗanku za ta yi amfani. Ita kuma gwaggo da na huce na tuna mata Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho ne amma ladanin Manzon Allah (SAW) ne, har riƙon Madina ana bar masa in an fita.

Mu duk mun yanke ɗinki zai koya, babu wanda ya tambaye shi. Ranar da na tambaya sai ya ɗauko tsohuwar wayata da ta mutu tun shekara biyu, ashe ya kwance ta ya gyara wajen cajin da bidiyon YouTube. Gyaran waya yake so. Muka kai shi kasuwar Farm Centre, ogan farko wata uku ba abin da yake sa shi sai shara da sayo abinci, wai ta ina zai yi masa bayani. Muka canza. Na biyun saurayi ne mai haƙuri, nuna masa yake da hannu, abin da ya gagara ya rubuta masa a WhatsApp, yanzu Auta na canza sikirin shi kaɗai. Wanda nasa karatu yake so kuma a ƙyale shi ya yi, JAMB na shirya wa makafi jarrabawa ta musamman, BUK ma akwai sashen ilimin masu buƙata ta musamman.

A banki na sha takaici, ma'aikaciyar ni take kallo tana cewa "ki tambaye shi", na ce Hajiya ga biro ga takarda ga mai akawun a gabanki. Lambar sirrin katinsa har yau ban sani ba kuma da gangan na ƙi sani.

Da Baba ya samu sauƙi na matsa masa kan gado, duk da ana ganin kamar fatan mutuwa nake masa. Nakasa bata rage wa mutum ko sisi a rabonsa, amma sau nawa muka ga an ce wane ya riƙe masa amana, shikenan gida ya tafi. Baba ya kira yayyenmu maza da limamin unguwa aka yi magana a gaban Auta, abokinsa na fassara masa. Wanda lalurar ɗansa ta ƙwaƙwalwa ce, kamar masu galahanga, nasu daban ne, dole a sami waliyyin da zai kula da dukiyar, toh a zaɓe shi tun iyaye na da rai, da shaidu, a rubuce, kar a bar wa 'yan uwa suna turawa juna ranar sadakar bakwai.

Ranar farko da ya tafi kasuwa shi kaɗai Umma a zaure ta wuni da carbi. Ya wuce inda zai sauka don ya kasa tsayar da mai adaidaitan, sai da ya dawo da ƙafa, amma washegari da kansa ya rubuta sunan wajen a waya yana nuna wa direba kafin ya hau, in an iso ya taɓa kafaɗarsa. Kuɗinsa na farko tsire ya sayo wa Umma, tana ci tana hawaye. Satin da ya wuce kuma ya nuno min hoton wata yarinya da suka yi makaranta tare, ya yi min alamar aure yana murmushi, ya ce ni zan gaya wa Umma. Har yanzu ina neman ta inda zan fara.