Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Gulbi Ya Mayar Mana da Kifi

A makon jiya na tsaya ne a inda shagon ɗinkin da na buɗe a cikin birnin Sakkwato ya ƙi ci, na tattara keken ɗinki da ɗan bashin da ya rage a wuyana na koma ƙauye. Daminar 2010 ke nan. Na tarar da Baffa, ƙanen mahaifina, yana nan da sarautarsa ta Sarkin Ruwa, amma sarauta ce ta suna kawai. Homarsa na rataye a zaure har gizo-gizo ya yi mata saƙa.

Tafkinmu ba babba ba ne, kada mai karatu ya ɗauka irin na Kware ne da ake jin sunansa. Ɗan kwari ne a fadamar Rima, wanda wata siririyar ƙorama ke haɗa shi da gulbi idan ruwa ya cika. Wannan ƙorama ita ce ran tafkin. A zamanin su Baffa, da an shiga watan Agusta gulbi zai tumbatsa, ya bi ta nan ya malale cikin ciyawa, kifi kuma ya biyo shi don ya yi ƙwai. Tarwaɗa ba ta son komai kamar sabon ruwa a kan ciyawa. Idan gulbi ya janye sai ya bar ƙananan a baya, su yi kaka su yi hunturu suna girma, da bazara a yi su, wato kamun kifi na gayya.

Da aka gama madatsar Goronyo a 1984, ruwan Rima ya koma na awo. Ba zan zagi madatsar ba, don da ita birni ke shan ruwa, da ita kuma ake noman rani, albasa da shinkafa. Amma masunci dai ya ji a jikinsa. Shekaru sukan jeru gulbi bai leƙo ƙoramarmu ba, tafki ya dogara da ruwan sama kaɗai. Yashi ya cike bakin ƙoramar, kachalla ta cinye gefen arewa. Giwan ruwa ya fara ɓacewa, sai yauni, sai ragon ruwa. Aka bar mu da masu taurin rai: tarwaɗa da gaiwa, waɗanda ke iya shaƙar iska idan ruwa ya lalace, da kuma gargaza wadda wasu ke kira karfasa. Ita kam ta yi yawa, sai dai duk ƙanana, ba wadda ta kai tafin hannu. Baƙo zai ga ana cika kwando ya ce tafki na da albarka. Baffa kuwa ganin kwandon nan ɓata masa rai yake yi, don ya san babu babban kifin da ke rage ta, shi ya sa ta hayayyafa ta rasa abinci ta tsumbure.

A watan Satumba ruwa ya zo. Duk Basakkwacen da ya yi wayo a lokacin ba sai an ba shi labari ba. Goronyo, Wurno, Kware, har Silame, ko'ina kuka. Hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma ruwa ya yanke ta. Mu shinkafarmu ta fadama ta tafi gaba ɗaya, rumbun Inna ya zauna a ƙasa, muka kwashi abin da ya samu muka koma makarantar firamare da ke kan tudu. Ba zan daɗe a nan ba, ba na son tuna shi.

Bayan ruwa ya janye, wata asuba Baffa ya tashe ni ya ce in ɗauko gora. Muka shiga kwale-kwale muka nufi gefen gabas inda ciyawa ta yi tsayi. Ya hana ni magana. Can ya nuna mini wani fili a tsakiyar ciyawar, zagayayye, an share cikinsa tas, gefensa kuma an tara ciyawa ta zama katanga.

Ya ce, "Ka ga wanga? Gidan bargi ne. Rabona da ganin shi nan tun kana goye."

Ba mu yi nisa ba sai ga 'ya'yan bargin, baƙi ƙirin a dunƙule, suna tasowa sama su shaƙi iska su nutse tare, babban yana kewaya su. Daga nan ya jefa birgi, wato ragar kamun kifi ta jifa. Cikin abin da ya fito har da wata gargaza mai kumburarren maƙoshi. Ya riƙe ta a saman ruwa, ya ɗan buɗe bakinta da babban yatsa, sai ga 'ya'ya suna zubowa, ƙanana kamar tsabar shinkafa. Ya sake ta a wurin.

"In ka kashe wagga, kihi nawa ka kashe?"

Na ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ba su ƙirguwa."

A jefa ta gaba kuma giwan ruwa ya faɗo, matashi, tsawon zira'i. Na zaci shi ma sakinsa zai yi, sai na ga ya jefa shi cikin jirgi. Ya ce wannan baƙo ne, gulbi ya yar da shi. Tafkinmu ba shi da zurfin da zai riƙe shi, da zafin bazara ya sauka shi zai fara juya ciki sama. Gara a ci shi da daraja. A ranar na gane cewa ilimin Sarkin Ruwa ba tausayin kifi ba ne, sanin wanda za a ɗauka ne da wanda za a bari.

Matsalar ita ce ba mu kaɗai muka ga kifin ba. Mutanen da suka rasa gona duk sun faɗa tafki, har waɗanda ba su taɓa riƙe homa ba. Gidan sauron da aka raba saboda zazzaɓi, shi aka riƙa haɗawa bibbiyu ana ja a bakin ruwa. Gidan sauro kuwa ba ya zaɓe, har ƙwai yake kwasowa. Za ka ga an shanya 'yan mitsi-mitsin kifi a kan tabarma, a sayar da tiya guda a kuɗin da bai kai na tarwaɗa ɗaya ba. An kuma fara raɗe-raɗin wasu na shirin zuba maganin ƙwarin nan gamalin, alhali tun 1992 dokar kamun kifi ta tarayya ta haramta sa guba a ruwa. To, wa zai zo ƙauyenmu ya duba?

Baffa ya je wurin mai gari ya nemi a rufe tafkin ɗungurum sai bazara. Aka tara mutane bayan sallar Juma'a. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Kawu, yayan mahaifiyata, mutumin da ruwa ya cinye wa gona da awaki.

Ya ce, "Sarki, muna ganin girmanka. Amma ɗiyanmu mi za su ci kahin bazara? Ruwa ya amshe muna hatsi, ya ba mu kihi, kai kuma ka ce kada mu taɓa?"

Har yau ban ga laifin Kawu ba. Mai cikakken rumbu ne ke iya jiran bazara. Shi ma Baffa bai musa ba, ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya ce to a raba tafkin. Gefen gabas mai ciyawa, inda kifi ke reno, a kafa masa sanduna, ba mai shiga. Gefen yamma kowa ya kama, amma da mamari da gura da raga mai ido yatsa huɗu, wadda ƙaramin kifi zai wuce ta cikinta. Ba taru, ba gidan sauro. Wanda aka kama da gamalin kuwa, mai gari da kansa zai miƙa shi ga hukuma. Liman ya shafa fatiha, aka watse, wasu na gunaguni.

Gadin dare ya faɗo kaina, tunda ni ne marar aikin yi kuma ina da tocila. Cikin sanyin hunturu nake kwana a bakin sandunan nan da bargo da ɗan garwashi. Abin da ya fi mini wuya ba sanyin ba ne, haska fuskar mutum ne ka ga wanda ka sani, wani lokaci ma wanda ya girme ka, yana tsaye cikin ruwa har ƙugu da gidan sauro a hannu. Ba na ƙwace wa kowa kaya. Nakan gaishe shi ne kawai da sunan babban ɗansa, in tsaya. Yawanci kunya ke fitar da shi.

A watan Maris Baffa ya cire sandunan aka yi su. Tun da na yi wayo ban ga irinsa a ƙauyenmu ba. Bargin da na gani a dunƙule sun zama kifin da ake ɗauka da hannu biyu, ga tarwaɗa, ga kurungu, har da ramboshi. Mata suka kwana suna banda, hayaƙi ya rufe unguwa. Kawu ya sayi tunkiya da rabonsa, ko da yake bai taɓa cewa Baffa ya yi daidai ba, shi ma Baffa bai nema ba. Ni kuma na rage bashin shago.

Baffa dai bai yi murna yadda na zata ba. Ya ce kifin nan na gulbi ne, ba na tafki ba, kuma in ba a haƙe yashin bakin ƙorama kafin damina ba, bana ce ta farko kuma ta ƙarshe. Muna cikin neman yadda za a haɗa gayyar haƙar ne wata mota ta tsaya a ƙofar mai gari. Wani dillalin kifi ne daga wajen Illela, ya ji labarin sun da aka yi, ya zo da tayin sayen kamun tafkin gaba ɗaya na shekara uku, kuɗi a hannu. Kuma ni ya nema in zama yaronsa.

Yadda muka kwashe da shi, da abin da ya raba ni da Baffa har muka yi watanni ba ma gaisawa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.